A Bakin Famfo Zan Sauka Daga Keke

Palermo, ranar Alhamis

Zuwa ga yayata Nunziata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Natale da yara. Yaya ƙafar Baba? A wasiƙarki ta lokacin bikin Ista kin ce yanzu da sanda yake hawa gonar zaitun. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da take yi mini tsiya duk ranar da aka yi ruwa.

Yaya, nemi wuri ki zauna kafin ki karanta sauran. An sa sunana a babban tsere, wanda ake zagaya ƙasar nan gaba ɗaya, sati uku cur. Shekara shida ina arewacin ƙasar nan, da bazara in hau keke a ƙananan tsere, da sanyi in koma masana'anta ina ɗaure tayoyi. Duk watan Mayu ina kallon wasu suna haɗa jaka, ni ina riƙe musu ƙofa. Bana ɗaya daga cikinmu ya kwanta ciwo, sai shugaban ƙungiyarmu, Sinyor Brenno, ya kira ni ya ce, "Scordo, kai ɗan Kudu ne, zafi ba ya kashe ku. Haɗa kayanka."

Kada ki je kina faɗa wa mutane ni zan ci. Mai cin tsere a cikinmu mutum ɗaya ne, kyaftin ɗinmu Gualtiero, mu sauran don shi aka kawo mu. In ƙishirwa ta kama shi, ni zan koma baya in ɗebo ruwa. In iska ta taso, in shiga gabansa in tare masa. In tayarsa ta yi faci, in cire tawa in ba shi. Ranar da zan bar gida Baba ya ce na guji alfadarinsa zan je in zama alfadarin wani. To, ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba.

Jibi Asabar za a fara. Kwana uku za mu yi a tsibirin Sisili, mu haye ruwa a Messina, sannan mu hau tudun Kalabriya. Jiya aka shimfiɗa mana taswira. Ranar Laraba hanyar ta ratsa Serracava, ta gaban cocinmu, ta gaban shagon kofi na Saro.

Na gaji da nisa, Yaya. Na gaji da cin abincin da ba hannun gida ya dafa ba. Ranar Laraba, in Allah ya yarda, a bakin famfon dandali zan sauka daga keke. Ki faɗa wa Baba. In ya ga dama ya fito, in bai ga dama ba, ni dai zan sauka.

In za ki rubuto, ki aika otal ɗin 'yan tsere a Messina, can za mu kwana ranar Litinin.

Ƙanenki,
Demetrio

Serracava, Asabar da yamma

Ƙanena Mitri,

Wasiƙarka ta iso yau da hantsi, ta same mu lafiya. Natale yana gaishe ka, yara sun ce ka zo musu da hular 'yan tsere. Ƙafar Baba tana nan yadda take, ko ma in ce ciwon ya ƙaru. Likita ya ce bana ba zai iya kaɗe zaitun shi kaɗai ba, shi kuma ya ce likitan ne ba zai iya ba.

Ka san yadda muke yi da wasiƙunka. In zauna a bakin ƙofa in karanta da ƙarfi, wai Natale nake karanta wa, Baba yana gefe ya juya mana baya yana ɗinkin linzami, wai shi ba ya ji. Yau ma haka aka fara. Da na zo maganar alfadarin wani sai ya ja tsaki. Da na zo maganar famfo, sai na ga basillar ta tsaya a hannunsa.

"Maimaita wurin nan," in ji shi.

Na maimaita.

"Cewa ya yi zai sauka?"

"Haka ya rubuta, Baba."

"Daga keken?"

"Daga keke mana, Baba, da daga jaki zai sauka?"

Ya ajiye linzamin, ya shiga ciki, na ji yana lalube a aljihun tsohuwar rigarsa. Mitri, ɗakinka ya buɗe! Ɗakin da tun tafiyarka ba abin da ke kwana ciki sai albasa da tulunan mai. Shi da kansa ya riƙa jawo tulunan waje, Natale ya je zai kama masa, ya ce, "Matsa, ba ɗanka ba ne." Daga nan ya aika a sayo farar ƙasa, gobe bayan coci zai shafe bangon.

Da la'asar ya sa hula ya tafi shagon Saro, inda rabonsa da zama tun ranar da suka yi masa dariya a kan hotonka da guntun wando. Matar Saro ta ce ya shiga ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ɗana zai dawo ranar Laraba. Ya gama wasan yara." Ya kuma ce gonar ƙasa, wadda ke kusa da rafi, taka ce daga bana.

Ni kuwa kuka na yi ta yi a kicin kamar wata sakarya. Ka kyauta, ƙanena. Na san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya samu shiga babban tsere sannan ya bar shi a tsakiya saboda tsohonsa. Amma ka yi dabara, ka shigo garinku cikin manyan 'yan tsere, kowa ya gan ka, sannan ka ajiye da mutuncinka. Ba wanda zai ce korar ka aka yi.

Za a yanka ɗan akuya. Ni zan murza taliya da hannuna irin ta Inna, Allah ya ji ƙanta. Hotonka na ƙarshe ƙafafunka kamar na zalɓe, sai mun yi wata guda muna ɗura maka kafin ka koma mutum.

Ka yi hankali a hanya. Kwana huɗu ne kawai suka rage maka, kada ka je ka karye a bakin ƙofa.

Yayarka,
Nunziata

Catania, Lahadi da yamma

Yaya Nunziata,

Ina gaishe ku duka. Ban san ko wasiƙata ta Palermo ta iso ba, amma ba zan iya jira ba, cikina cike yake da labari. Lafiyata lau, sai dai 'yar ƙujewa da zan ba ki labarinta, kada ki tsorata in kin ji a rediyo.

Jiya aka fara. Yaya, ban taɓa ganin mutane haka ba. Har kan rufin gidaje, har kan itatuwa, limaman coci da dogayen rigunansu suna tsalle kamar yara. Mu fiye da ɗari muka tashi, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ƙarar ayarin 'yan tsere in kina tsakiyarsa kamar an tashi amyar zuma ce. Duk zangon farko tsoro ne ya riƙe ni, ban ga teku ba, ban ga gari ba, tayar na gabana kawai nake kallo. Sau biyar na tsaya a famfon ƙauye na cika goruna, na cusa su a riga har na zama kamar mai ciki, sannan in bi ayari da gudu.

Yau kuwa aka yi abin. A wata gangara rana ta narkar da kwalta, na gabana ya zame, muka zube mu wajen goma. Na ja a ƙasa da hannun dama da kwankwaso. Ina miƙewa sai ga Gualtiero tsaye, shi bai ji ciwo ba amma tayarsa ta gaba ta lanƙwashe, motarmu kuma tana can baya. Na cire tawa na ɗaura masa, jinina yana ɗiga a kan takalminsa, na tura shi. Yaya, shi ya ci zangon yau! Kuma shi ne a gaba a lissafin duka, an sa masa rigar nan mai ruwan hoda da jagoran tsere ke sawa. Ni na iso can baya tare da guragu, amma da na ji an kira sunansa a lasifika sai na manta da hannun.

A wurin cin abinci ya miƙo mini rabin namansa ya ce, "Kai ɗan Kalabriya, yaya ma sunanka?" Kowa ya fashe da dariya. Sinyor Brenno kuma ya ja ni gefe ya ce in na kai ƙarshen sati ukun nan, ina da wuri a ƙungiya baɗi da baɗin baɗaɗa. Ban taɓa son keke kamar yau ba.

Abu ɗaya ke damuna. Ga al'adar da nake dogara da ita: in tsere zai ratsa garin wani, manyan ayari sukan bar shi ya yi gaba, ya sauka ya gai da iyayensa na minti biyu, in ayari ya iso ya hau ya bi su. To yanzu riga tana hannunmu, kowa mu zai kai wa hari, kuma dole mu tsaya kusa da Gualtiero. Na tambayi Sinyor Brenno maganar Laraba, ya ce, "Mu gani." In ya ce mu gani, yawanci ba a gani. Amma ban cire rai ba.

Mai tausa yana kirana zai canza bandeji. Ki gai da Baba, ko da bai amsa ba.

Demetrio

Messina, Litinin

Yaya,

Gaisuwa. Ina lafiya. Yanzu aka miƙo mini wasiƙarki, na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa.

Wayyo Yaya, me na rubuta? Ba barin tsere nake nufi ba! Sauka ta gaisuwa nake nufi, in rungume ku, in sha ruwan famfonmu, in hau in wuce. A bakinmu 'yan tsere kowa ya san wannan, na manta ku ba a cikinmu kuke ba. Na yi miki bayani a wasiƙar da na aiko daga Catania, amma Allah kaɗai ya san ranar da za ta iso.

Ba zan iya bari ba. Gualtiero yana sanye da riga, an yi mini alkawarin wuri, kuma ko ba don haka ba, ina son abin nan, Yaya. Shekara shida na yi ina jiran sa.

Na yi tunanin buga talgiram, amma kin san a garinmu ba a kawo talgiram sai an yi mutuwa, kuma kafin ta iso hannunki rabin gari sun karanta. Wannan takardar zan ba direban motar da ke yin gaba tana kafa alamun hanya, gobe zai bi ta Serracava.

Don girman Allah ki faɗa wa Baba kafin Laraba, ke kaɗai da shi, a cikin gida. Kada ya ji a dandali a gaban Saro da mutanensa. In kin ga abin zai fi masa sauƙi kada in tsaya sam, ki ɗaura jan ƙyalle a gadar rafi, zan sunkuyar da kai in wuce cikin ayari.

Ki yafe mini.

Mitri

Serracava, Talata

Mitri,

Muna lafiya. Takardarka ta iso da azahar a hannun wani direba mai warin taba. Wannan tawa Cosenza zan aika, inda za ku kwana gobe, na san ba za ka gan ta ba sai komai ya wuce, amma in ban rubuta ba zan fashe.

Wa ya koya maka rubutu? Mutum ya ce ya gaji da nisa, ya gaji da abincin waje, zai sauka daga keke, kuma ya ce ba dawowa yake nufi ba? Ni kaina da na yi makaranta haka na fahimta, balle tsoho.

Shekaranjiya muna shagon Saro, mata a bakin ƙofa maza a ciki, aka faɗa a rediyo cewa an zube a gangara, aka kira sunayen da suka faɗi har da Scordo. Baba ya miƙe tsaye, kofinsa ya kife. Sai da aka ce duk sun hau sun ci gaba sannan ya zauna, ya ce, "Gara da zai bari." Ka ji irin ramin da ka tura ni.

Na je zan faɗa masa. Na same shi a ɗakinka a kan kujera, da ƙafar nan tasa, yana shafa farar ƙasa shafi na biyu, duk gashin girarsa ya yi fari.

Na ce, "Baba, Mitri ya aiko da saƙo."

Ya ce, "Hannun ne?"

Na ce, "A'a, hannun da sauƙi."

Ya ce, "To madalla. Riƙe mini bokitin nan. Kina ganin gadon ya fi kyau a jikin taga, ko rana za ta dame shi da safe?"

Na riƙe bokiti. Na ce jikin taga ya fi. Shi ke nan abin da na iya faɗa. Natale ya ce shi ba ruwansa, ba zai sa kansa tsakanin Scordo biyu ba.

Jan ƙyalle kuwa ba zan ɗaura ba. Tsohon nan ya fito da kwat ɗin da ya sa ranar aurena ya rataye a iska. In ka wuce shi da kai a sunkuye, har ya mutu ba zai sake ambaton sunanka ba. Ka tsaya ka faɗa masa da bakinka. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance.

Allah ya kai mu goben lafiya.

Nunziata

Cosenza, Alhamis da safe

Yaya,

Ina gaishe ki. Kafin komai, yaya Baba? Ya tashi? Ƙafar ce ko gwiwa? Na waiwaya na gan shi a ƙasa, sai kwana ta rufe mini ku. Tun jiya ba abin da nake gani sai wannan. Na samu wasiƙarki a nan, kin yi gaskiya a komai, har da zagin.

Ke kin ga abin daga dandali, bari in ba ki ta wajena.

Jiya da safe na sake tambayar Sinyor Brenno, ya ce a'a, akwai hawa bayan garinku, can za a kawo mana hari. Na ci gaba da juya cokali. Sai Gualtiero ya ɗago daga farantinsa ya ce, "Wa ya ba ni taya a Sisili? Bar shi ya je ya ga tsohonsa." A hanya kuma shi da kansa ya bi manyan sauran ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Ɗan Kalabriya zai gai da gida, kowa ya riƙe ƙafarsa." Wani tsohon ɗan tsere ya ɗaga murya ya ce, "Ka taho mana da ɓaure, in ba haka ba kada ka dawo!"

Daga gadar rafi suka sake ni. Na duba ƙarfen gadar ban ga ƙyalle ba, ban san ko daɗi zan ji ko tsoro ba. Na hau tudun nan ni kaɗai, hanyar da na bi da alfadari tun ina ƙarami. Sai na fara ganin rubutu da farar ƙasa a kan kwalta: SANNU DA DAWOWA MITRI. A nan na gane ba ki faɗa masa ba. Har na so a ce tayata ta yi faci.

Ƙararrawar coci, masu busa, yaranki suna ihu, duk kamar daga nesa nake jin su. Shi kawai na gani a bakin famfo, cikin kwat, ya rame, ya fi yadda na bar shi gajarta. Na sauka. Na cire hula. Ya kama fuskata da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi bandejin ya ce, "Sun ɓata ka."

"Ƙujewa ce kawai, Baba."

"Kawo keken, Natale ya kai gida."

Ya kama kan keken, ni kuma ban saki ba. Kin ga wannan, amma ban san ko kin ji abin da muka ce ba, don a hankali na yi magana.

Na ce, "Baba, ba zama na zo ba. Gaisuwa na zo. Ana jira na."

"Ba haka ka rubuta ba."

"Haka nake nufi, rubutun ne ya ƙwace mini. Ka yi haƙuri, Baba."

Ya saki fuskata. Masu busa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Na ga Saro ya sunkuyar da kai. Da a ce Baba ya mare ni a lokacin da ya fi mini sauƙi.

Sai ga ƙarar hon ɗin babura masu rakiyar tsere daga ƙasa, ayari ya ɓullo a kwanar maƙabarta. Baba ya juya. Bai taɓa gani ba, Yaya, a rediyo kawai yake ji. Ya tsaya baki buɗe yana kallon mutum ɗari suna hawo tudunsa kamar ruwa yana gudu sama.

"Wancan mai rigar mata, shi ne naka?"

"Shi ne, Baba."

"Kuma ya bar ka ka zo?"

"Shi ya roƙa mini."

"Akwai hawa a gaba, har saman dutse."

"Na sani."

"To uban me kake yi a tsaye? Mutum ya yi maka alheri, ka bar shi ya hau dutse shi kaɗai? Hau!"

Na hau. Ban gama sa ƙafa a feda ba na ji hannu a bayan sirdi. Na ɗauka Natale ne. Sai na ji numfashinsa, na ji sandarsa ta faɗi a kan duwatsu, yana turawa yana gudu da ƙafar nan, yana cewa, "Taka, ɗan banza, taka!" Ya wurga ni cikin ayari. Da na waiwaya yana durƙushe a tsakiyar hanya, ke kina gudu wajensa.

An kawo harin kamar yadda Sinyor Brenno ya ce. Na ja Gualtiero har kusa da saman dutsen, ban san inda na samo ƙarfin ba, hawaye da gumi duk sun haɗu. Riga tana nan a jikinsa. Tsohon nan mai son ɓaure ya matso kusa da ni a gangara ya ce, "Ina ɓaurena?" Da ya ga fuskata sai ya dafa bayana ya wuce.

Ki rubuto otal ɗinmu na Roma, can za mu huta ranar Litinin. Ki faɗa mini gaskiya, kada ki rage komai.

Mitri

Serracava, Asabar

Ƙanena,

Gaisuwa daga mu duka. Kwantar da hankalinka, Baba bai karye ba. Gwiwoyi biyu ya ƙuje, wandon kwat ya yage, sai tafin hannu. Da muka ɗaga shi ya ture mu ya ce shi ba gawa ba ne.

Ka ce kada in rage, to ba zan rage ba. Ya ji ciwo a rai, Mitri. Ɗan akuyan nan gari ya cinye, shi ko loma bai kai ba. Ya shiga ɗakinka ya zauna a bakin gado har rana ta faɗi. Ranar Alhamis tun da sassafe ya ja alfadari ya tafi gonar ƙasa, bai yi wa kowa magana ba, bai dawo ba sai la'asar. Na ce a raina shi ke nan, mun koma gidan jiya.

A ranar wasiƙarka ta Catania ta iso, bayan biki ya watse. Na karanta kamar kullum. Da na zo inda ka cire tayarka kana jini ka ba mutumin, sai ya ce, "Da hannun da ya ji ciwo ya ɗaura?" Na ce haka ka rubuta. Ya ce, "Hm."

Jiya ya tafi shagon Saro lokacin rediyo. Na bi shi don na san bakin mutanen garin nan. Ai kuwa ko zama bai gama yi ba wani ya ce, "Ina ɗan da ya dawo? Ashe ɗebo wa 'yan Arewa ruwa ya fi masa gonar ubansa." Na ce yau za a yi jini. Baba ya juya a hankali ya ce, "Kai da kake hutawa sau uku tsakanin gada da gidanka? Ɗana ya hawo tudun nan da hannu ɗaya, ya riga mutum ɗari. Na tura shi, na ji nauyinsa, babu komai a jikinsa sai jijiya. Wanda ya taɓa aiki ya san aiki in ya gani. Saro, ƙara murya, ba ma ji." Ba wanda ya sake tari. Da aka ce mai rigar hoda yana nan a gaba, sai ya dubi mutane ɗaya ɗaya kamar shi ya ci.

A hanyar gida muna tafe a hankali, ya tambaye ni ko gaskiya ne a satin ƙarshe za ku hau duwatsun da ke da ƙanƙara. Na ce haka ake faɗa. Ya ce in aika maka da rigar ulu tasa, ta fi duk abin da 'yan Arewa za su ba ka. Tana cikin ƙunshin nan, da busasshen ɓaure, ka ba tsohon ɗan tseren nan ya daina bin ka bashi.

Muka yi ɗan nisa, sai ya tsaya ya dogara da sanda.

"Su waɗannan, da sanyi ma tsere suke yi?"

Na ce, "A'a Baba, daga kaka suke ajiye keke sai bazara."

Ya dubi gangaren rafi. Can ya ce, "To ai zaitun da sanyi ake kaɗe shi."

Ɗakinka dai bai mayar da albasa ciki ba, jiya ma na ga ya buɗe taga don warin farar ƙasa ya fita.

Ka gama tserenka, ƙanena, ka kai mutumin nan har ƙarshe. In ka huta a Roma ka ba da amsar maganar sanyi. Amma don Allah, wannan karon ka karanta sau biyu kafin ka liƙe ambulan.

Yayarka,
Nunziata